Hanyar Jama'a a Cikin Gonar Mutum: Yadda Ƙauyukan Ingila Suka Tsare Turbobinsu



Maganar da za mu yi yau a kan hanya ce. Ba babban titi mai kwalta nake nufi ba, wanda gwamnati ke ba da kwangilarsa. Ina nufin 'yar turbar nan da ta ratsa gonaki ta nufi rijiya, ko kasuwa, ko makaranta, ko maƙabarta, wadda babu wanda ya san ranar da aka fara bin ta. Irin wannan hanya ba a lura da ita sai ranar da aka wayi gari wani ya kai ta cikin kunyarsa, ko ya datse ta da shinge. Daga nan sai cacar baki, sai ƙara wurin mai gari, wani lokaci ma har a kai ga zub da jini. Saboda haka ya kamata mu duba yadda wata ƙasa ta fuskanci wannan matsala, mu ga abin da ya yi mata amfani da abin da ya kuɓuce mata. Ƙasar kuwa ita ce Ingila, tare da maƙwabciyarta Wales, domin dokarsu ɗaya ce a kan wannan al'amari.

Dalilin zaɓen Ingila shi ne, ƙasa ce ƙarama mai yawan jama'a, kuma kusan kowane taƙi na karkararta yana da mai shi, an kewaye shi da shinge ko katangar dutse. Duk da haka, a Ingila da Wales akwai hanyoyin jama'a da tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000, watau kusan kilomita 225,000, galibinsu kuwa ta cikin gonakin mutane suka bi. Mai gona yana nan da gonarsa, jama'a suna nan da hanyarsu, kowa ya san iyakarsa.

ASALIN HANYOYIN

Babu hukumar da ta zana waɗannan hanyoyi. Ƙafar mutane ce ta fitar da su, kamar yadda ta fitar da namu. Leburan gona ya bi ta nan zuwa wurin aiki, mace ta bi zuwa rijiya ko wurin niƙa, jama'a suka bi zuwa coci ran Lahadi. Akwai waɗanda aka sani da hanyoyin gawa, domin ta nan mutanen ƙananan ƙauyuka suke ɗaukar mamatansu zuwa maƙabartar babban coci. Akwai kuma manyan hanyoyin shanu, waɗanda fatake suke koro garkuna ta cikinsu daga tuddan Wales har kasuwar Smithfield da ke Landan, tafiyar makonni, kafin jirgin ƙasa ya karɓe wannan aiki a ƙarni na 19.

A ƙarni na 18 da na 19 Majalisar Dokokin ƙasar ta yi dubban dokoki na kewaye filayen da a da jama'ar ƙauye suke noma da kiwo tare, aka rarraba su, aka sa shinge. Wasu hanyoyi an rubuta su a takardun rabon, suka tsira. Wasu kuwa shinge ya cinye su. A 1865 aka kafa ƙungiya ta farko mai kāre filayen jama'a, wadda har yau tana nan tana aiki.

A nan sai mu san wata kalma. Ƙaramin yanki na mulkin karkara a Ingila ana kiransa farish. Asalinsa yankin da coci ɗaya yake kula da shi ne, amma tun daga dokar 1894 aka raba aikin mulki da na coci, aka ba ƙauyuka majalisunsu na zaɓe. A girma, farish ya yi kusa da ƙasar dagaci a wurinmu. Sama da shi akwai majalisar lardi, wadda ita ce hukumar hanyoyi.

IRIN HANYOYIN

Doka ta kasa hanyoyin nan kashi huɗu, kowanne da launin kibiyar da ake nuna shi da ita a jikin turke ko ƙyaure.

Na farko, hanyar ƙafa. Mai tafiya a ƙasa kaɗai ke da ikon bin ta. Kibiyarta rawaya ce.

Na biyu, hanyar doki. Mai ƙafa da mahayin doki suna bi, kuma tun daga dokar 1968 aka yarda wa mai keke ya bi, bisa sharaɗin ya kauce wa mai ƙafa da mai doki. Kibiyarta shuɗiya ce.

Na uku, hanyar da aka ƙara wa keken doki da duk abin hawan da ba shi da inji. Kibiyarta launin shunayya ce.

Na huɗu, hanyar da kowa ke bi, har mota da babur, ko da yake yawancinsu ba su da kwalta. Kibiyarta ja ce.

Amfanin wannan rabo a fili yake. In mai babur ya shiga hanyar ƙafa, ba sai an yi dogon musu ba, launin kibiya ya riga ya yanke hukunci.

YADDA HANYA KE ZAMA TA JAMA'A

Ƙa'idoji biyu ne suke riƙe da wannan tsari. Ta farko ita ce, in jama'a suka yi shekara 20 suna bin wata hanya a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da roƙon izini ba, mai ƙasa bai taɓa hana su ba, to doka tana ɗauka ya bar wa jama'a ita. An sa wannan a doka a 1932, yanzu kuwa yana cikin Dokar Hanyoyi ta 1980. Mai ƙasar da ba ya son haka ta faru an ba shi mafita: ya kafa allo mai sanarwa, ko ya ajiye takarda wurin majalisar lardi cewa bai yi niyyar ba da hanya ba. Akwai masu kirki da suke barin mutane su wuce don alheri kawai, amma sai su kulle ƙofa kwana ɗaya a shekara, domin kada alherinsu ya zama haƙƙin dole a kansu.

Ƙa'ida ta biyu ita ce, hanya in ta zama ta jama'a, ta zama ke nan. Ko ciyawa ta rufe ta, ko an yi shekara hamsin ba a bi ta ba, ko an sayar da gonar sau goma, haƙƙin jama'a bai mutu ba. Ba a kashe ta, ba a kuma karkatar da ita, sai da umurnin hukuma ko na kotu, bayan an buga sanarwa, an ba kowa damar ya kawo ƙorafi. In an yi ƙorafi ba a janye ba, sai maganar ta tafi gaban mai bincike na gwamnatin ƙasa, wanda yakan zauna a bainar jama'a ya saurari kowane ɓangare.

RIKICIN 1932 DA DOKAR 1949

Kada a zaci an sami wannan tsari a ruwan sanyi. A farkon ƙarni na 20 ma'aikatan masaƙu da maƙeru na biranen Manchesta da Sheffield sukan fita karkara ran hutu su sha iska, amma manyan tuddan da ke kusa da su attajirai sun killace su don harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa, sun zuba masu gadi. Ran 24 ga Afrilu, 1932, matasa kimanin 400, a ƙarƙashin jagorancin wani saurayi mai suna Benny Rothman, suka hau tudun Kinder Scout da gangan. Aka yi kokawa da masu gadi, aka kama wasu, aka ɗaure mutum biyar na tsawon wata biyu zuwa shida. Tsananin hukuncin ya jawo musu tausayin jama'a. A 1935 ƙungiyoyin masu tafiyar ƙafa suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa, suka ci gaba da matsa wa gwamnati.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949, Majalisa ta yi dokar da ta zama ginshiƙin al'amarin. Dokar ta umurci kowace majalisar lardi ta binciki dukan hanyoyin jama'a da ke ƙasarta, ta zana su a taswira, ta rubuta bayaninsu. Amma ma'aikacin da ke zaune a hedkwatar lardi bai san turbar da ta bi bayan gonar wane ba. Saboda haka aka koma ga majalisun farish. Mutanen ƙauye da kansu suka fita da takarda da fensir a farkon shekarun 1950, suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta inda ta fara da inda ta ƙare, da ƙofofi da gadojin da ke kanta, suka tambayi dattawa, sa'an nan aka kira taron ƙauye aka karanta. Daga nan aka fitar da taswirar gwaji, aka ba masu ƙasa da sauran jama'a lokaci su yi ƙorafi, kafin a fitar da tabbatacciyar taswira.

Ƙarfin wannan taswira shi ne, duk hanyar da ke cikinta hujja ce yankakkiya a gaban kotu. Ba a bukatar a nemo tsoho ya rantse cewa kakansa ya bi ta nan. Ana ajiye taswirar a ofishin lardi, kowa yana iya dubawa, kuma an sa hanyoyin a taswirorin da ake sayarwa a kanti.

ABIN DA KE KAN MANOMI

Doka ba ta hana manomi nomansa ba, amma ta auna masa iyaka da awo. Bisa dokar 1990, in hanya ta ratsa tsakiyar gona, yana iya huɗe ta in babu yadda zai kauce, amma lalle ya daidaita ta, ya fitar da layinta a fili cikin kwana 14. In ya sake taɓa ta a wannan noman, sa'a 24 kawai gare shi. Faɗin da zai bari shi ne mita 1 ga hanyar ƙafa, mita 2 ga hanyar doki. In kuwa hanyar ta bi gefen gona ce, ba shi da ikon sa mata garma ko kaɗan, faɗinta kuwa mita 1 da rabi ga hanyar ƙafa, mita 3 ga hanyar doki. Haka kuma dole ya hana amfanin gonarsa rufe hanya, ya kuma sassabe shingensa in ya yi reshe ya tare ta.

Ƙofofi da matakalan da ake tsallake shinge da su, gyaransu yana kan mai ƙasa, amma yana da ikon karɓar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gyaran daga hukuma. Datse hanya laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu saboda shi. Kafa allon ƙarya don a tsorata masu wucewa shi ma laifi ne. Har bijimai an yi musu doka a 1981: bijimin da ya wuce wata 10, in daga jinsin shanun tatsa yake, ba a barin sa a filin da hanyar jama'a ta ratsa, domin an san su da faɗa. In daga wani jinsi yake, sai yana tare da shanu mata ko karsana.

ABIN DA KE KAN MAI WUCEWA

Mai wucewa shi ma ba a sake masa linzami ba. Ikonsa shi ne ya wuce ya dawo, ya tsaya ya huta ko ya ci guzurinsa a kan hanya. Ƙasar da yake takawa har yanzu ta mai gona ce. In ya ratse ya shiga cikin shuka, ya keta haddi, mai gona yana iya kai shi ƙara. Ana koya wa yara tun suna makaranta su bar ƙofa yadda suka same ta, kada su zubar da shara, kada su kunna wuta, kada su taɓa dabba ko injin noma. Mai kare lalle ya riƙe karensa, domin in kare ya far wa tumaki, doka ta ba manomi kariya in ya harbe shi alhali babu wata hanyar hana shi. In mai tafiya ya tarar an tare hanya, yana iya kawar da abin da zai ba shi damar wucewa kawai, ko ya kewaye, sa'an nan ya kai rahoto. Ba shi da ikon ya tafi da gatari don ya rama.

Majalisar lardi ita ke da alhakin kāre haƙƙin jama'a, da gyaran doron yawancin hanyoyin da gadojinsu, da kafa alama a inda turba ta rabu da titi. Majalisar farish kuwa tana da ikon yin gyara da kanta, kuma in ta kai kuka cewa an datse hanya, doka ta tilasta wa lardi ya ɗauki mataki. Watau kowane aiki an ambaci mai shi da suna, domin aikin da aka ce na kowa ne, shi ne wanda ba mai yi.

Darajar hanyoyin nan ta fito sarai a 2001, lokacin da annobar cutar baki da kofato ta auka wa dabbobin ƙasar. An rufe yawancin hanyoyin karkara na watanni don hana yaɗuwar cutar, nan da nan masu masauki da masu abinci da 'yan kantunan ƙauye suka rasa ciniki, domin baƙin da ke zuwa tafiyar ƙafa sun ɗauke. A lokacin ne mutane da yawa suka gane cewa turba ma tana ciyar da ƙauye.

ABIN DA YA KUƁUCE

Aikin shekarun 1950 bai zama daidai a ko'ina ba. Inda mutanen farish suka yi ƙwazo, hanyoyinsu suna nan cikakku. Inda suka yi sakaci, ko inda suka ji nauyin wani babban mai ƙasa, an bar hanyoyi da yawa ba a rubuta ba. Shi ya sa har yau ana samun hanya a taswira ta tafi sumul, sai ta yanke daidai kan iyakar farish biyu, domin wancan ɓangaren ba su rubuta nasu rabin ba. A 2020 ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta sa dubban 'yan sa kai suka gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, suka gano fiye da mil 49,000 na hanyoyin da mai yiwuwa an bari a baya. Dokar shekara ta 2000 ta sa wa'adin 2026 don rubuta irin waɗannan tsofaffin hanyoyi, daga baya aka ɗaga zuwa 2031 a Ingila, sa'an nan a watan Disamba na 2024 gwamnati ta bayyana niyyarta ta soke wa'adin. Amma maido da hanya ɗaya yanzu yakan ci shekaru ana tonon tsofaffin takardu, alhali a 1950 dattijo ɗaya ya isa ya nuna ta da sandarsa.

INDA MAGANAR TA SHAFE MU

Halinmu da na Ingila ba ɗaya ba ne. Makiyayinsu na yau a cikin shinge yake kiwo, ba ya tafiya da garke daga rani zuwa damina, kuma tsarin mallakar ƙasarsu dabam yake da namu. Saboda haka ba a ce mu kwafo dokarsu ba. Amma mu ma muna da hanyoyin da ƙafa da kofato suka fitar: turbar rijiya da ta kasuwa, da burtali, da hanyar mashaya. Kakanninmu sun san darajarsu, shi ya sa suke dasa aguwa ko bini-da-zugu a gefen burtali, dabba ta wuce ba ta taɓa shuka ba, mai gari kuma ya san faɗinsa.

Abin da ya sāke shi ne yawanmu. Ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba da miliyan 140, yanzu kuwa mun haura miliyan 200, ƙasar kuwa ba ta ƙaru ba. Kowace damina sai kunya ɗaya ta shiga burtali, baɗi wata ta bi ta, har garke ya zo ya tarar babu wurin wucewa. Dokoki kam muna da su. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Wuraren Kiwo a 1965. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da filin noma da na kiwo a karkara. Ƙungiyar ECOWAS ta yi ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998. A 2024 aka kafa ma'aikatar tarayya ta musamman don bunƙasa kiwon dabbobi. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, tun daga dokarsu ta karkara ta 1993, sun kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, kuma a wurare da dama an shata burtali an kafa masa turaku na siminti. Sai dai doka tana takarda, hanya kuwa tana ƙauye, kuma mutanen ƙauye ne kaɗai suka san ta.

To, ga abin da ake roƙon kowace al'umma ta yi, tun dattawan da suka san asali suna raye.

Na ɗaya, dagaci ko mai unguwa ya kira taro da rani, kafin a fara sharar gona, manoma da makiyaya da mata masu zuwa rijiya da itace duk su halarta.

Na biyu, a zaɓi mutanen da kowane ɓangare ya yarda da su, su bi kowace hanya da ƙafa, a rubuta inda ta fara, da inda ta ƙare, da faɗinta, da irin wanda ke da ikon bin ta.

Na uku, a haɗa kai da ƙauyen da ke maƙwabtaka, domin kada hanya ta yanke a kan iyaka kamar yadda ta faru a Ingila.

Na huɗu, a karanta abin da aka rubuta a gaban jama'a, a saurari mai ƙorafi, sa'an nan a ajiye kwafi wurin hakimi da ofishin ƙaramar hukuma.

Na biyar, a dasa shinge mai rai ko a kafa turaku, a kuma riƙa zagayawa sau ɗaya a shekara.

Na shida, wanda ya ga an ci hanya ko an yi masa ɓarna a gona ya kai ƙara wurin hukuma, kada ya ɗauki doka a hannunsa.

Manomi ya tuna cewa kunyar da ya ƙara a kan burtali ba za ta cika masa rumbu ba, amma tana iya jawo garke cikin gonarsa. Makiyayi kuma ya tuna cewa ikon wucewa bai zama ikon kiwo a cikin shukar wani ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma yini biyu da za a ɓata ana auna hanya da rani ya fi sauƙi bisa shekara guda ana zirga-zirga a kotu.